Gidan Ammi da Sunana

Litinin, 4 ga Satumba

Na dawo daga shago cin abincin rana na tarar an liƙa wa ƙofarmu takarda. Ba su ba mutum a hannu ba, ba su zura ta ƙarƙashin ƙofa ba. Da gam suka manna ta a tsakiyar ƙyaure, yadda duk mai wucewa a lungun zai tsaya ya karanta, wanda bai iya ba ya kira wanda ya iya. Harajin gida. Na shekara uku da na bana, wai tun rasuwar Abba ba a biya ba. Rupi dubu talatin da takwas. In ba a biya ba zuwa ƙarshen Oktoba za su zo su garƙame gidan su manna hatimi.

Na tambayi mahaifiyata, Ammi, wa ya liƙa. Ta ce wani ne a kan babur, har ta ce ya tsaya ya sha ruwa ya ce yana sauri. Mutum ya zo ya tozarta ki a gaban unguwa, ke kina neman kofi.

Ta ce, "Me takardar ta ce?" Na ce gwamnati ce ke gaishe ki. Ta ce to a mayar mata da gaisuwa, in zo in ci gurasata kafin ta huce.

A sama an rubuta: mai gida, Taukir Inayat. Karon farko da na ga an kira ni mai gida a rubuce, kuma don a tatse ni ne.

Na ɓamɓare ta, ta taho da fentin ƙofar.

Talata, 5 ga Satumba

Na sayi littafin dokar harajin a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin kotu. Bangonsa ya tafi, wani ya taɓa ɗora kofin shayi a shafi na tara. Mai sayarwar ya dube ni daga hannuna mai baƙin mai har takalmina ya ce, "Lauyanka ne ya aiko ka?" Na ce a'a, alƙalin ne ya ce in karanto masa, shi ma bai gane ba.

A aji huɗu na bar makaranta. Da tsofaffin jaridun da ake naɗo mana wayar tagulla na ƙarasa koyon karatu, ina naɗa koyil ɗin fanka da hannu ina bin layi da ido. Ba wanda ya koya min, saboda haka ba wanda zai ce min ga inda zan tsaya.

Alhamis, 7 ga Satumba

Na samu. Gidan zama da bai wuce marla biyar ba, da marla ake auna fili a nan, babu haraji a kansa. Na karanta sau uku, na ja layi da biro har takardar ta huje.

Na ɗauko awon shago na sa Ammi ta riƙe min baki ɗaya. Daga ƙofa zuwa bangon baya, daga bangon maƙwabci zuwa kwata. Na auna, na sake aunawa, na ja awon har ya yi ƙara.

Marla biyar da rabi.

Rabin shi ne 'yar kusurwar da Abba ya saya a hannun maƙwabci don ya ɗaure akuya. An yanka akuyar shekara tara ke nan. An ci ta, an manta ɗanɗanonta, mu kuma ga mu muna biyan harajin makwancinta. Ammi ta ce, "Ai ta yi nono sosai." Na ce ko da zinariya take tatsa ba ta kai dubu talatin da takwas ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Ofishin haraji. Awa biyu a kan benci a ƙarƙashin fankar da ke juyawa kamar ana roƙonta. Daga jin kukanta na san abin da ya lalace, minti ashirin zan yi na gyara, amma ko a mafarki.

Akawun da ake kira Babu Liyaƙat yana zaune bayan tulin fayil, gashinsa ja da lalle, yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya. Na buɗe masa littafin, na ce rabin marla ɗin ba gini ba ne, fili ne fetal, ba rufi.

Bai kalli littafin ba. Ya ce, "Sarki, ƙasa muke aunawa, ba rufi ba."

Na ce to in na mayar wa maƙwabci da kusurwarsa fa?

Ya ce, "Ka mayar. Ka kawo takardar sayarwa, da ta mai rajistar filaye, da sabon awo, da hotonka kana murmushi. Kafin a gama jikanka ya zo ya karɓa."

Na bayansa ya yi dariya. Na ce masa gara shi ya yi dariya, aikin da aka ɗauke shi ke nan. Aka ce in fita.

Litinin, 11 ga Satumba

Shafi na sha huɗu. Yadda na tsallake shi ban sani ba. Gidan matar da mijinta ya rasu, in shi kaɗai ne gare ta kuma a ciki take zaune, an ɗauke masa haraji.

Na tashi tsaye a shago da koyil a hannu har mai shagon ya ce ko wuta ce ta ja ni. Gobe zan kai wa Babu Liyaƙat shafin nan in ga yadda gyaɗa ke maƙale wa mutum.

Talata, 12 ga Satumba

Na tafi da katin shaidar Ammi da takardar rasuwar Abba. Na ajiye su a teburinsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don ya ji zafin kowacce.

Wannan karon ya karanta. Ya ce, "Allah ya ji ƙan mahaifinka Inayat Sahib. Gidan da sunan wa?"

Na ce ai mahaifiyata a ciki take, shekara talatin da ɗaya.

"Ban tambaye ka wa ke ciki ba. Da sunan wa?"

Na ƙara tura masa katin Ammi. Ya jawo fayil ya juya min shi, ya ɗora yatsa a kan sunana.

Ya ce, "Doka ta ce gidan matar mamaci. Ba ta ce gidan da matar mamaci ke shara a ciki ba. A wurinmu, sarki, babarka baƙuwarka ce."

Ban tuna abin da na faɗa masa ba. Na tuna dai mai gadi ya riƙe min gwiwar hannu har bakin titi.

Baƙuwata. Ɗan banza mai jan kai.

Laraba, 13 ga Satumba

Ban ci abinci a gida ba.

Juma'a, 15 ga Satumba

Ba sata na yi ba, bari in rubuta wannan a nan ya zauna. Ranar sadakar arba'in ɗin Abba, yayansa, Taya Manzur, ya naɗa min rawani a gaban dangi, kamar yadda ake wa kowane ɗa namiji. Sati na zagayowa ya ɗebi Ammi da yayata Baji Nasrin a riksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa wurin mai rajistar filaye. Aka tambaye su, "Da yardarku kuka bar masa rabonku?" Suka ce e daga cikin mayafi. Suka dangwala. Aka saya wa Baji atamfa da kwalin alewa, aka dawo gida.

Kowa haka yake yi. A lungun nan a nuna min mace ɗaya da ta karɓi gadon gidan ubanta. Wadda ta karɓa ta yanke zumunci, haka ake cewa. 'Yar'uwa ta bar wa ɗan'uwanta gida, shi kuma ya bar mata ƙofa a buɗe: kayan sallah duk shekara, in ta haihu ta zo wankan jego, in 'ya'yanta za su yi aure shi ke ɗaukar kayan kawu. Tsari ne. Ba ni na ƙirƙiro shi ba. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, rawanin ma ya yi min yawa.

Abin haushin, gwamnati ta san da haka sarai. Ta rubuta sassauci ga matan mamata a ƙasar da ba a barin matan mamata da gida. Kyauta ce da aka rataye a inda hannu ba ya kai.

Lahadi, 17 ga Satumba

Na je wurin Taya a shagonsa na takin zamani. Dole in je, ba don shi ne babba kaɗai ba, 'yarsa Farhat ce aka yi min baiko da ita, biki bayan girbin alkama.

Na ce ina tunanin mayar da gidan sunan Ammi don a ɗauke harajin. Ya zare bakin tukunyar tabarsa ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci.

"Wannan karatun naka ne zai kashe ka. In gidan ya koma hannun uwarka, ranar da ta kwanta dama kashi ɗaya cikin uku na Nasrin ne. Abin Nasrin kuma na mijinta ne. Kana so direban riksha ya zo ya ja maka bango a tsakar gida?"

Na ce to in bari su garƙame?

Ya ce, "Takarda biyu ake yi, yaro. Ta farko ka ba uwarka gidan kyauta, ita za a kai ofis. Ta biyu ita kuma ta rubuta cewa ta sayar maka da shi ta karɓi kuɗinta, a bar wurin kwanan wata babu komai. Ita za ka sa a ƙasan akwati."

Da na tashi tafiya ya ƙara da cewa, "Ni mai gida na ba 'yata. Ban ba ɗan haya a gidan uwarsa ba."

Tsohon maciji. Amma dabarar ta yi, ba zan yi ƙarya ba.

Talata, 19 ga Satumba

Mai rubutu a ƙarƙashin bishiyar kotu ya buga min duka biyun a takarda mai hatimi. Ko girarsa bai ɗaga ba. Ya ce a wata yana yin irinta biyar.

Alhamis, 21 ga Satumba

Ammi na kan gadon igiya tana tsince wake. Na zauna a gefenta na ce zan karanta mata abu ta dangwala. Da ma ban karanta ba. Da na miƙa mata tawada kawai da yanzu an wuce wurin. Bakina ne, ba ya iya ganin rubutu ya bar shi.

Na karanta ta farko. Ta ce, "Wato gidan nawa ne."

Na ce a takarda.

Na karanta ta biyu da sauri. Ta ce in sake, a hankali, kunnenta ba na jarida ba ne. Na sake.

"Wato ba nawa ba ne."

Na ce, Ammi, dabara ce kawai ta ofis.

"Ta ce na karɓi kuɗi a hannunka. Nawa na karɓa?"

Na ce ba komai.

"To in tsaya gaban hukuma in ce ni matar mamaci ce mai gida, a tausaya min, alhali ƙarya na cikin akwatinka? Da mutuwar ubanka za ka je neman rangwame?"

Na fara ɗaga murya. Na ce wa ke ciyar da gidan, wa ke biyan wuta, wa ya yi awa biyu a kan benci ana masa dariya. Ta bar ni na gama, ba ta daina tsintar waken ba.

Ta ce, "Wancan karon ina cikin takaba aka kai ni, ba wanda ya karanta min komai. Ba ni kaɗai na dangwala ba ranar. Je ka karanta wa Nasrin ta biyun, yadda ka karanta min. In ta ce in sa hannu, zan sa."

Na ce mene ne ruwan Baji a ciki? Ta ce, "In babu ruwanta, me ya sa aka rubuta ta biyun?"

Matar da ba ta san alif ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Kwana biyu ba ma magana. Tana ajiye min abinci a rufe, ina ci a tsaye don kar ta ɗauka na sauko. Yau na ƙona koyil ɗin wani mutum, mai shagon ya ce in hankalina na gida in bi shi can.

Lahadi, 24 ga Satumba

Na je gidan Baji. Bas biyu, sannan tafiyar ƙasa ta bayan wurin gasa bulo. Sai da na tambayi mutum uku, don sun tashi daga inda na sani. Yaushe? Wai tun bara.

Ɗaki ɗaya suke haya, su biyar. Murhu a bakin ƙofa, katifu a jingine da bango, banɗaki na gida huɗu. 'Yarta ta tsakiya ta leƙo ta gan ni da takardu a hannu ta koma wurin uwarta da gudu tana cewa, "Ammi, mai yanke wuta ya zo."

Baji ta fito da gari a hannu. Ta ce, "Kai, ashe kana raye. Shigo, ka sunkuya, ƙofar ba ta san dogaye ba."

Ta zaunar da ni a kan kujera ɗaya tilo, ta aika aka sayo madara, na ga inda ta zaro kuɗin daga ƙullin mayafi. Na ce ta bari, ta ce in rufe mata baki, ƙaninta ya zo.

Na yi bayanin harajin tiryan-tiryan, marla da akuya da Babu Liyaƙat. Ta yi dariyar akuyar har da hawaye. Sannan na karanta takardun. Na shirya faɗa tun daga cikin bas, na tanadi amsar duk abin da za ta ce.

Ta ce, "Ka ce wa Ammi ta dangwala."

Na ce kin gane abin da ta biyun ke nufi?

"Na gane. Ba na samun komai yau, ba na samun komai gobe. Ai da ma haka yake." Ta jefa gurasa a kasko. "Ni ban taɓa sa rai da bulo ɗin gidan nan ba, Taukir. An ce in bayar, ƙofa za ta zauna a buɗe, na bayar."

Na ce ai a buɗe take, wa ya hana ki zuwa?

"'Yar'uwa ba ta zuwa da ƙafarta, zuwa ake a ɗauko ta. Ka sani." Ta juya gurasar. "Sallah uku ina wa yaran nan wanka da sassafe ina cewa kawunku na hanya. Ta huɗun ban faɗa ba. Da na haifi wannan," ta nuna na goye da haɓa, "a nan na yi jegona, maƙwabciya ce ta dafa min ruwa. Uwar mijina ta tambaye ni ko ba ni da ɗan'uwa ne. Na ce ina da shi, karatu ne ya yi masa yawa."

Na ce shago, aiki, babu lokaci. Ta ce ta sani. Ta ƙara min man shanu a gurasa. Da zagina ta yi da na san abin da zan yi da ita.

Ta rako ni har bakin hanya, ta cusa min ƙullin barkonon tsami na kai wa Ammi. Ta ce, "Ka daina haɗe rai, ka fara kama da Taya."

Litinin, 25 ga Satumba

Ammi ta ce, "Me ta ce?" Na ce ta ce ki sa hannu. Ta goge yatsanta da gefen mayafi ta miƙo min. "Kawo."

Na ce tawadar ta bushe, sai na sayo wata.

Ba ta bushe ba.

Laraba, 27 ga Satumba

Ofis kuma. Na tambayi Babu Liyaƙat, in gidan ya koma sunanta, shi ke nan an yafe?

Ya ce, "Na gaba. Na baya yana nan daram, kai ne mai gida a shekarun nan, kai za ka biya."

Na ce duka?

"Har da na gam ɗin da aka liƙa takardar, in da hali."

Na wuce wurin mai rajista na tambayi kuɗin sauya suna. Da na haɗa hatimi da rajista da shaidu, ya kai harajin shekara biyar. Wato in na yi duk wannan wahalar, sai bayan shekara biyar zan fara ganin ribar rupi ɗaya. Wato sati uku ina haushi kamar kare a kan abin da mafi arha shi ne in biya in yi shiru, gida ya zauna da sunana.

Wanda ya rubuta dokar nan Allah ya haɗa shi da fanka mai kuka a ɗakinsa har abada.

Alhamis, 28 ga Satumba

Na gaya wa Taya lissafin. Ya yi murna kamar an masa haihuwa. "To ka gani. Ka yaga takardun, ka biya, magana ta mutu. In kuɗin bai cika ba ni zan cika, ai ɗana ne kai." Har da dafa min kafaɗa.

Magana ta mutu. Baji ta yarda, Ammi ta miƙo yatsa, Taya zai cika kuɗi, ofis ba ruwansa. Ba wanda ke neman komai a wurina. Ban taɓa jin haushi irin na yau ba, kuma na rasa wanda zan zaga.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Na wuni ina duba littafin ko akwai shafin da ya rage. Babu. Dokar ta ƙare a shafi na talatin da biyu, sauran tallar makarantar koyon buga na'ura ce.

Ammi na share tsakar gida. Na tashi na shiga ɗaki.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na sayar da babur ɗina da ya daɗe a jingine saboda tsadar mai. Mai sayen ya zagaya shi sau huɗu yana tsaki kamar an tilasta masa. Na biya na bayan a banki, na kai wa Babu Liyaƙat rasit, na ce ya ajiye da kyau kar ya ɓare gyaɗa a kai. Ya ce, "Sarki ya huce." Ban huce ba.

Kuɗi ya yi saura. Ban nemi na Taya ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Na kai Ammi wurin mai rajista. Ta sa fararen kayanta na zuwa ta'aziyya, ta riƙe min hannu a kan matakala. Mai rajistar ya tambaye ni, "Da yardarka ka ba ta gidan?" Na ce in ba da yardata ba wa ya isa. Ya ce e ko a'a ake cewa a nan. Na ce e.

A cikin riksha ta ce, "Ina ta biyun?"

Na ce mai rubutun ya yi kuskure a ciki, ba ta da amfani.

"Ka sa ya gyara mana."

Na ce ba ni da kuɗin ɓatawa. Ta dube ni, na dubi titi. Ta ce wa direban ya tsaya a wurin mai alewa.

Na yi ne don kar gwamnati ta ƙara ganin rupi ɗaya daga gidan nan. Ko shekara biyar ne zan jira. Wannan shi ne dalili, kuma ya isa.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Taya ya ji. Bayan sallar Juma'a ya tare ni a gaban mutane. "Rawanin da na naɗa maka ka kwance ka ɗaura wa mace?" Na ce, Taya-ji, rawanin yana nan cikin akwati, in kana so in kawo maka, gidan ne na mayar wa mai shi. Ya ce maganar biki a dakata tukuna, zai yi tunani. Na ce ya yi a hankali kar ya ji ciwo, bai saba ba.

Wannan ta ƙarshen bai kamata in faɗa ba. Amma ta yi daɗi.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ban yi aikin kirki ba yau. Idan Taya ya fasa bikin fa? Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Farhat ta kira ta wayar ƙawarta, minti ɗaya. Ta ce, "Wai da gini za a ɗaura min aure ban sani ba?" Na ce ki tambayi babanki. Ta ce babanta kwana uku yana faɗa da kowa har da kyanwa, a bar shi ya gaji. Sannan ta ce, "Amma ka zo ka ba shi haƙuri a kan baƙar maganar, wawa." Ta kashe.

Zan je. Ba wannan satin ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Takardar sassaucin ta fito. Babu Liyaƙat ya ce sai mai gida ta zo da kanta, na kawo ta, ya miƙe tsaye ya ba ta kujerarsa, ya kira ta Maa-ji, wato uwa mai daraja. Ni wata biyu ko benci mai ƙafa huɗu ban samu ba.

Da muka dawo ta zauna a tsakar gida da takardar a cinya, ta ce, "Yanzu da gaske nawa ne?" Na ce naki ne.

"To ka kwashe matattun fankokinka daga ɗakin sama. Nasrin da yara za su dawo kafin sanyi ya yi ƙarfi. Mijinta ya riƙa ajiye rikshar a kusurwa."

Na ce, ni kuma in an yi bikin, ina zan sa matata?

Ta ce, "Ka nemi izinin mai gida."

Na ce na nema.

Ta ce, "Zan duba. Ka dawo sati mai zuwa."

Na fita da sauri kafin ta ga bakina.

Sawu goma sha ɗaya na yi da fankokin nan, bayana kamar zai rabe, ba wanda ya ce sannu. Yara uku a kaina, da direban riksha mai tari da asuba, da layin banɗaki. Ni na jawo wa kaina, kuma duk laifin dokar banza ce.

Ranar Lahadi zan je in ɗauko su Baji, tunda wai sai an ɗauko. Matakalar saman ba ta da abin riƙewa, ƙaramin na Baji kuma ya fara rarrafe. Ba gidana ba ne, ba ruwana. Mai walda ya ce zai zo Asabar da safe.